Matambayi Ba Ya Ɓata, Amma Wane Irin Matambayi?

A zamanin iyayenmu, in aka ce mai hoto ya zo, to mutum ɗaya ake nufi a gari guda, wanda ya mallaki akwatin nan mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, kuma kowa ya san ƙofar gidansa. Yau kuwa da wuya a sami ɗalibin da zai shigo ɗakin lacca babu kyamara a aljihunsa, ko da bai karya kumallo ba, domin wayar hannu ta mai da kowa mai hoto. Sai dai mallakar alƙalami ba ta mai da mutum magatakarda. Kowace shekara, idan lokacin binciken kammala karatu ya zo, 'yan'uwanmu na sashen labarin ƙasa da na tarihi da na aikin gona sukan nufi gabas, su je Wurno da Rabah da Goronyo, su komo da hotuna ɗari-ɗari. In aka zo zaɓen goma da za a liƙa a kundi, sai a rasa. Fuskoki sun yi baƙi ƙirin, sama ta yi fari fat, ruwan madatsa ya zama kamar farantin tasa a rana. Haka nan kuma matasan ma'aikata na ƙananan hukumomi, waɗanda aka danƙa wa kyamarar ofis ba tare da an nuna musu ko yadda ake riƙe ta ba.

In ka tambayi waɗannan bayin Allah me ya hana su neman wanda ya sani, amsar ɗaya ce: "Mun je wurin masu hoto na garin, sun ƙi gaya mana kome. Rowar ilimi gare su." Wannan ƙorafi mun ji shi har ya ishe mu. Ba mu ce babu marowata a cikin masu sana'a ba, za mu zo kansu. Amma a ganinmu, kashi mafi yawa na laifin yana ga yadda ake yin tambayar. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai ba su ce kowane irin matambayi ba.

Wataƙila wani ya ce, mene ne abin ɓata tawada a kan hoto, alhali kuwa ga matsalar kuɗin makaranta da ta ɗakin kwana? To, a dubi ƙasar da muke magana a kanta. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1837, a can hubbarensa yake. Rabah ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka naɗa hakimcinta a 1934 tun kafin duniya ta san sunansa. A Goronyo aka datse Gulbin Rima da madatsar da aka gama ginawa a 1984, aka buɗe ta a 1992, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma da wannan ruwa ake noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadamun da ke ƙasa da ita. Wannan ƙasa ce ambaliyar watan Satumba na 2010 ta ci, ta rushe ƙauyuka, har ta yanke hanyar da ta haɗa mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da cikin garin Sakkwato. Ita ce kuma aka kai wa hari a ƙauyen Tabanni a watan Yuli na 2018, mutane suka yi gudun hijira zuwa Gandi, aka kuma kai wani a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe mutum fiye da 40. Ƙasa mai irin wannan nauyin tarihi, mai irin wannan ciwo, tana bukatar shaidu daga cikin 'ya'yanta waɗanda suka iya ajiye abin da ido ya gani. In ba su iya ba, baƙo zai zo ya yi kwana biyu ya ɗauki abin da ya ga dama, jikokinmu kuwa shi za su gada.

Ai ma an taɓa yi. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya yi makonni. Ba ya ɗauke da kyamara, ko da yake a lokacin an yi shekara 14 da bayyana hikimar hoto a Faransa. Abin da ya gani, da alƙalami ya zana ya kuma rubuta. Har gobe duk mai son sanin kamannin ƙasar Hausa a wancan ƙarni sai ya leƙa littattafansa. Abin lura a nan shi ne yadda ya sami abin da ya samu. Mutumin nan ya koyi Larabci, ya koyi Hausa, ya zauna gaban malamai a kan tabarma, ya san abin da yake nema kafin ya buɗe baki, sa'an nan ya rubuta sunayen waɗanda suka sanar da shi, irin su Malam Abdulƙadir ɗan Tafa. Kome za a ce game da manufar waɗanda suka aiko shi, kuma akwai abin faɗa, ya iya tambaya. Abin kunya ne a ce baƙo daga bayan teku ya fi ɗan gida sanin yadda ake shiga zaure.

Bari mu fara da tambayar da ta fi kowace yawa, kuma ta fi kowace rashin amfani: "Malam, wace kyamara ce ta fi kyau?" Wanda ya yi wannan tambaya tamkar wanda ya je wurin Sarkin Noma ne ya ce masa wace gona ce ta fi kyau, bai faɗi abin da zai shuka ba, bai faɗi ko damina ce ko rani ba, bai faɗi ƙarfin aljihunsa ba. Mai sana'a in ya ji haka, abin da yake fahimta shi ne yaron nan bai fara kome ba tukuna, hira kawai yake so, don haka sai ya ambaci sunan wata Canon ko Nikon da kuɗinta ya fi albashin shekara, ya ci gaba da aikinsa. Mai tambaya kuwa ya fita yana cewa an wulaƙanta shi. 'Yar'uwar wannan tambaya ita ce, "Ka koya mini hoto." Hoto ɗungum, a tsaye, da jakar tafiya a kafaɗa, kafin motar Sakkwato ta cika!

Na biyu shi ne mai ɓoye abin da ya lalace. Zai zo ya ce hotunansa ba sa fita da kyau, in aka ce ya nuna, sai ya shiga kame-kame, ya nuna guda biyu da suka yi kyau bisa sa'a, ya tsallake arba'in da suka ɓaci. Wannan ciwo ya fi kama masu ilimin boko, domin mai digiri yana ganin ƙasƙanci ne ya nuna gazawarsa gaban wanda bai gama firamare ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ba ya ba da magani sai ya ga ciwo, mai hoto kuwa daga hoton da ya ɓaci yake karanta kuskure, sau da yawa cikin ƙiftawar ido.

Ga misali ɗaya wanda duk mai ɗaukar hoto a ƙasar nan ya taɓa cin karo da shi, kuma za mu tsaya a kansa domin yana nuna abin da muke nufi. Dattijo ya sha farar babbar riga da farin rawani, ya tsaya a filin Idi ko a ƙofar fada da hantsi. An ɗauka, riga ta fito tas, amma fuska ta zama duhu, ba a gane ido ba a gane baki. Dalili shi ne ma'aunin haske da ke cikin kowace kyamara, ta waya ce ko babba, an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa in an gauraya shi zai zama toka-toka, tsakanin fari da baƙi. Da ya ga farin yadi ya cika masa ido, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuskar mai duhun fata kuwa ta nutse. (Ko filim mai launi na da, da farar fata aka daidaita shi a masana'anta, wannan kuwa wani zance ne mai tsawo.) Maganin ba shi da wuya ga wanda ya sani. Ko dai a ƙara haske da mataki ɗaya ko fiye, ko a sa ma'aunin ya auna fuskar kanta, a waya ma taɓa fuskar kawai ake yi a ja alamar haske sama kaɗan, ko kuma, abin da ya fi duka, a roƙi dattijon ya koma bakin zaure cikin inuwa yana fuskantar waje, a sa yaro ya riƙe farin mayafi daga gefe ya mai da masa haske a fuska. Tsohon mai hoto zai faɗi wannan duka cikin minti uku. Amma ba zai iya faɗa wa wanda ya ce "hotunana ba sa kyau" ba, domin cututtukan hoto sun fi ashirin, bai san wanne za a yi wa magani ba.

A kwatanta da ɗalibin da ya zo, ya yi sallama, ya cire takalmi, ya gaisa, sa'an nan ya ce: "Baba, wata 'yar damuwa ce ta kawo ni. Jiya da misalin ƙarfe 11 na ɗauki hoton wani dattijo a rana, yana sanye da fararen kaya, ga shi nan. Fuskar ta yi duhu. Na matsa kusa, na sake, bai gyaru ba. Na kunna fitilar kyamara, nan ma kaɗan ya canja. Ranar Alhamis zan koma wurinsa, kuma wannan wayar ce kaɗai gare ni. Yaya zan yi?" A cikin wannan 'yar magana ya faɗi lokaci, ya faɗi irin haske, ya nuna hoton, ya faɗi abin da ya riga ya gwada, ya faɗi kayan da yake da su, ya kuma faɗi ranar da yake bukatar amsa. Ba mu taɓa jin mai sana'ar da aka yi wa irin wannan tambaya ya juya baya ba. Ƙwararre yana jin daɗin tambaya mai kyau kamar yadda maƙeri ke jin daɗin ƙarfe mai kyau. In kuwa daga nesa za a aika da hoton, a aika da shi yadda kyamara ta ajiye shi, domin a jikin kowane hoto akwai bayanin da ido ba ya gani, watau faɗin ƙofar haske da saurin ƙiftawa da lambar ISO da sa'ar da aka ɗauka. Turawa ta WhatsApp yadda aka saba tana matse hoton ta zubar da wannan bayani, sai an tura shi a matsayin fayil yake isa da shi.

Wani zai ce ai duk wannan yana cikin littafi da intanet, me ya sa sai an durƙusa wa wani? Lalle akwai da yawa a can, kuma wajibi ne a fara dubawa kafin a dami mutum. Wanda ya tashi dattijo daga aikinsa don ya tambaye shi inda ake kunna kyamara bai kyauta ba. Amma littattafan nan yawancinsu a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Ba su san hazon hunturu ba, wanda ke shafe nesa har tsallaken madatsar Goronyo ya ɓace daga hoto, amma kuma yake tausasa haske har fuskar mutum ta fito da kyau fiye da kowane lokaci na shekara. Ba su san ƙurar da ke shiga cikin kyamara in an kuskura an canja gilashi a fili ba, ko yadda goge gilashi da bakin riga ke karce shi in ba a fara hure ƙurar ba. Ba su san sa'ar da masunta ke fitowa da kwalekwale, da gefen da ya kamata a tsaya don kada ƙyallin ruwa ya makantar da kyamara ba, ko watan da fadamar Wurno ke yin kore shar da tafarnuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daɗa kuma, a watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda tsaro, har da Goronyo da Rabah, wanda malaminsa duka yana cikin waya ya wayi gari maraya, mai shagon hoto na bakin tasha kuwa yana nan inda yake.

Sai batun gaisuwa, wanda muka san akwai saɓani a kansa a tsakaninmu. Waɗansu sun ce doguwar gaisuwarmu ɓata lokaci ce, zamani na son a faɗi magana kai tsaye. Ba mu yarda ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, waɗannan su ne ke gaya wa dattijo cewa mutum ka ɗauke shi, ba injin ba da amsa ba, kuma a cikinsu ne kake gane ko yau ranar tambaya ce ko ranar haƙuri. Amma akwai wani ciwo a ɗaya gefen, wanda muke kira kunya alhali kuwa wani lokaci rashin shiri ne: mutum ya zauna awa guda yana kewaye-kewaye, ya yi zancen zafi, ya yi zancen tsadar mai, har sai tsohon ya gaji ya ce masa, "To yaro, mi kaka biɗa?" Gaisuwa ƙofa ce, ana shiga ta cikinta ne, ba a kwana a bakinta. Kuma a san lokaci. Ranar kasuwa, da safiyar Salla, da ranar ɗaurin aure, su ne kakar mai hoto. Wanda ya tare shi a irin waɗannan ranaku da tambayar koyo, ya tare masa abinci. 'Yan'uwanmu mata, waɗanda sana'ar nan ke matuƙar bukata domin su ne ke iya shiga cikin gida ranar kamu da buɗar kai, su ma hanya a buɗe take gare su: a je shago da rana, a tafi da 'yar rakiya, a yi tambaya a fili kamar kowa.

Ga matasan ma'aikata muna da magana ta musamman. Takarda mai tambarin ofis tana iya buɗe ƙofar ma'aji, amma ba ta buɗe bakin mai sana'a. Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu, ta aika masinja a kira mai hoto ya zo ofis, a bar shi tsaye, a ce ya duba kyamarar hukuma "ya taimaka wa gwamnati", in ya gama a ce masa an gode. Mai neman ilimi shi ke zuwa, ba a aike masa da shi. Jami'in da ya bar kujerarsa ya je shago ya ce, "Alhaji, a nan kai ne babba, koyo na zo," bai rage kome daga matakin albashinsa ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ma wanda ake durƙusa wa a nan ba wada ba ne.

Manyan masu hoto na Afirka ta Yamma duk ta wannan ƙofa suka shigo. J. D. 'Okhai Ojeikere ya sayi 'yar ƙaramar kyamarar Brownie a 1950, ya yi ta aika wa Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ibadan wasiƙa bayan wasiƙa yana neman kowane irin aiki a sashen hoto, har aka ɗauke shi a 1954 a matsayin yaron ɗakin wanke hoto. Wannan yaron ɗakin duhu shi ne daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya har ya tara hotuna wajen dubu, waɗanda gidajen tarihi na duniya ke alfahari da su. Malick Sidibé na Bamako kuwa ado aka kira shi ya yi wa shagon wani Bafaranshe mai hoto a 1955, ya zauna ya zama yaron shago, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar girma ta baje kolin fasaha na birnin Venis. Ba cewa muke ɗalibi ya bar karatu ya je ya yi shekara bakwai yana shara ba. Muna nuni ne da cewa abin da mutane suka samu da shekaru, bai kamata wani ya yi fushi don ba a juye masa shi a yini ɗaya ba.

Ilimin nan kuma abincin wani ne. Tambaya ɗaya ko biyu, kowa na iya amsawa don Allah. Amma wanda zai riƙa zuwa kowane mako, to ya san ya zama almajiri, kuma almajiri ba ya zuwa hannu rabbana. Ba sai kuɗi mai yawa ba: ka kai hotunanka a wanke a shagonsa maimakon ka kai Sakkwato, ka riƙe masa fitila ranar biki, ka kai masa abokan karatunka masu son fasfo, ka nuna wa yaronsa abin da ka sani na kwamfuta, ka ajiye goro in za ka tashi. Sa'an nan ka komo ka faɗi yadda ta kaya. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. An ba mutum shawara ranar Talata, ya gwada ranar Alhamis ta yi, shi ke nan ba a sake ganin ƙeyarsa ba sai wata matsalar ta taso. Dattijon da bai taɓa jin sakamakon shawararsa ba, yaya za a yi ya ɗoki ba da wata?

Haka nan ambaton suna. A wannan ƙasa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowane. Mu magadan wannan al'ada, sai ga shi kundin digiri na fitowa da shafin godiya mai ambaton shugaban sashe da kawu da abokin ɗaki, amma babu mai hoton da ya gyara rabin hotunan da ke ciki, wani lokaci ma nasa ne aka karɓa aka liƙa babu suna. Fuskar Sardauna tana kan takardar naira 200 tun shekarar 2000, hotunansa suna rataye a ofisoshi da zauruka daga Rabah har Yola, amma a tambayi masu rataye su wa ya ɗauka, a ji shiru. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta lissafa hoto cikin ayyukan fasaha da take karewa, ta kuma ba mai shi haƙƙin a ambace shi. Abin takaici ne a ce sai doka ta tuna mana abin da zaure ya riga ya koyar.

Akwai kuma wani ladabi wanda zamanin nan ya ɗora mana, wanda iyayenmu ba su san shi ba, kuma ya fi duk sauran nauyi domin rai ne a ciki. Mai neman shawara yakan nuna hoto, hoton kuwa na wani ne. Matar da ta gudo daga ƙauyenta ta yarda ka ɗauke ta don bincikenka. Ba ta yarda a riƙa miƙa fuskarta hannu zuwa hannu a shago ko a majalisa ana muhawara a kan haske ba. Manomin da ya tsaya gaban buhunan albasarsa ko garken shanunsa bai san cewa wayar da ta ɗauke shi, in an bar ma'aunin wuri a kunne, tana rubuta daidai inda yake tsaye a jikin hoton ba. A ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, kuma ake zargin masu kai rahoto a kowane lungu, irin wannan hoto in ya faɗa hannun da bai dace ba ya zama taswira. Don haka kafin a nemi taimako da hoto, a kashe ma'aunin wuri, a zaɓi wanda za a nuna wa, kuma in matsalar ta haske ce kawai, a sake ɗaukar irinta da abokin tafiya a nuna wannan. Tun farko ma, neman taimako na fari ba ga mai hoto yake ba, ga mai unguwa da hakimi yake, da mutumin da za a ɗauka. A faɗa masa ko kai wane ne, da inda hoton zai je, kuma in ya ce a'a, a mai da waya aljihu. Madatsar ruwa da duk wurin da jami'an tsaro ke gadi, sai da izinin masu wurin.

Yanzu sai mu juyo ga masu sana'a, domin kada a ce mun yi shari'a da kunne ɗaya. Akwai a cikinsu wanda in yaro ya nuna masa hoto sai ya yi dariya ya kira maƙwabta su gani. Akwai mai ba da rabin amsa da gangan. Mun san tushen abin. Kamfanin Kodak kansa, wanda ya sa kyamara a hannun talaka tun 1888, ya durƙushe gaban kotun fatara a 2012. In giwa ta faɗi haka, ina ga mai ɗan shago a Goronyo wanda waya ta cinye masa hoton Salla da na suna, ya rage sai fasfo? Mutumin da yake ganin kowane yaro mai waya a matsayin wanda ya zo raba shi da tuwo, ba za a zarge shi da yawa ba in ya riƙe bakinsa. Amma muna roƙon iyayenmu su duba da kyau. Ɗalibin da ke rubuta kundi a kan noman rani ba zai buɗe shago kusa da nasu ba. Kuma abin da suka riƙe, in ba su ba da shi ba, ba 'ya'yansu zai tafi ba, ƙasa zai tafi. Tare da shi kuma akwatunan dodon hoto da ke ƙarƙashin gadajensu, masu ɗauke da naɗin sarauta da hawan Salla da fuskokin mutanen ƙauyukan da yau babu kowa a cikinsu, waɗanda zafi da gara ke ci a hankali.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, da ƙungiyoyin ɗaliban Wurno da Rabah da Goronyo musamman, da su sa wannan a cikin shirin makon al'adu mai zuwa. A aika wakilai, ba takarda ba, su je su gayyato tsofaffin masu hoto biyu ko uku daga waɗannan garuruwa. A biya musu kuɗin mota, a ba su abin da ake ba kowane baƙon malami, a zaunar da su a kan kujerar da farfesa ke zama. Duk ɗalibin da zai shiga zauren ya zo da hoto ɗaya da ya ɓaci, da bayanin sa'ar da ya ɗauka da abin da ya gwada. In an tashi, a nemi izininsu a kwafi tsofaffin hotunan da suka yarda a kwafa, a rubuta sunan mai ɗauka da gari da shekara a ƙarƙashin kowane, a mai da musu nasu, a kai kwafi ɗaya ɗakin karatu na jami'a, ɗaya kuma Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu.